Likitar Da Ta Je Habasha Don Shekara Uku, Ta Yi Sittin

Duk gidan da aka taɓa jinyar mai yoyon fitsari ya san nauyin wannan lalura: wankin tsumma dare da rana, warin da ke korar baƙi, ga kuma miji da sau da yawa yakan mayar da ita gidan iyayenta ya yi shiru. A wannan makon za mu ajiye amsa tambayoyi, mu waiwayi tarihin wata likita da sunanta ya haɗu da maganin wannan ciwo, wato Dakta Catherine Hamlin.

An haife ta a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 1924, ta kuma kammala karatun likita a jami'ar birnin a 1946. Kamar kowane sabon likita, ta fara da zagayen asibitoci na gama-gari, tana duba duk wanda aka kawo. Daga nan ta koma asibitin mata na Crown Street, inda ta ƙware a kan haihuwa da cututtukan mata. A can ta haɗu da Dakta Reginald Hamlin, ɗan asalin Niyuzilan, suka yi aure a 1950.

A 1958 suka ga talla a mujallar likitoci ta The Lancet: gwamnatin Habasha na neman ƙwararru su kafa makarantar ungozoma a Asibitin Gimbiya Tsehai da ke Addis Ababa. Kwangilar shekara uku ce. Suka isa a 1959 da ɗansu ƙarami. Abin lura shi ne, duk ƙwarewarsu, ba su taɓa ganin mai yoyon fitsari na haihuwa ba, domin a ƙasarsu fiɗar ciro jariri ta riga ta kawar da ciwon tun da daɗewa. A Habasha kuwa sai ga 'yan mata suna isowa daga ƙauyuka masu nisa, wasu bayan tafiyar kwanaki a ƙasa, a jiƙe, an hana su shiga mota saboda wari.

Yana da kyau iyali su fahimci yadda ciwon ke faruwa, don har yau akwai masu jingina shi ga sammu ko iska. Idan naƙuda ta yi tsawo, jariri ya kasa fitowa, kansa yakan danne mafitsara ko dubura a jikin ƙashin ƙugu. Naman da aka danne na tsawon sa'o'i ba ya samun jini, sai ya mutu. Bayan 'yan kwanaki da haihuwa mataccen naman ya zube, ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da farji, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai, ga rashi ga ciwo.

Ma'auratan ba su da malamin da zai koya musu aikin, sai suka koma ga tsofaffin rubuce-rubuce da wasiƙu zuwa ga likitocin da suka taɓa yin sa. Cikin waɗanda suka karanta har da J. Marion Sims, likitan Amurka da ya gano ɗinki da zaren azurfa a shekarun 1840. Ba zan wuce sunansa ba tare da faɗin gaskiya ba: ya gwada aikin ne a kan mata bayi a jihar Alabama, ba tare da maganin sa barci ba, kuma ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata fiɗa kusan sau 30. Su Hamlin sun kuma ɗauki dabarar likitan Jamus Heinrich Martius, wadda ake ɗauko ɗan kitse mai jini daga gefen al'aura a shimfiɗa a kan ɗinkin don ya kama da kyau. Da maimaici suka gyara hannunsu har mafi yawan matan da suka yi wa aiki suka riƙa komawa gida a bushe.

Labari ya bazu, mata suka yi yawa har asibitin gwamnati ya gaza ɗaukar su. Suka shiga neman taimako a ƙasashen waje, suka gina asibiti na musamman a bakin wani kogi a Addis Ababa, daidai lokacin juyin mulkin 1974 da ya kawar da Sarki Haile Selassie. Baƙi da dama sun bar ƙasar a zamanin mulkin soja, su kuwa suka zauna. Magani kyauta ne, kuma duk wadda ta warke ana sallamar ta da sabuwar riga da kuɗin mota, tare da gargaɗin cewa haihuwa ta gaba a asibiti za ta yi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne labarin Mamitu Gashe. Ta zo a matsayin majinyaciya a farkon shekarun 1960, yarinya ce da ba ta taɓa shiga aji ba. Bayan an yi mata aiki ta zauna tana gyara gadaje, daga baya ta riƙa taimaka wa Reginald a ɗakin fiɗa, har ta iya aikin da kanta. Likitoci masu digiri daga ƙasashe daban-daban sun koyi ɗinkin a hannunta.

Reginald ya rasu a 1993, Catherine ta ci gaba. Ta gane cewa ɗinki kaɗai ba zai ƙarar da ciwon ba muddin mata na kwana biyu ko uku a kan gwiwa a ƙauye, don haka a 2007 ta buɗe kwalejin ungozoma, aikin da tun farko ya kai ta ƙasar. Ana ɗauko 'yan mata daga karkara, a horar da su, su koma yankunansu.

Mu ma a nan muna da irin wannan tarihi. A Babbar Ruga da ke Katsina, Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zo aikin kuturta, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a shekarun 1980, kuma ya nuna cewa sabon rauni ƙarami yakan iya rufewa da kansa idan aka sa robar fitsari da wuri aka bar ta na 'yan makonni. Shi ya sa ake so a kai mace asibiti da zarar an ga yoyo bayan haihuwa, kada a jira a gama wankan jego.

Dakta Catherine ta rasu a Addis Ababa ranar 18 ga Maris, 2020, tana da shekara 96. Asibitocin da ke ɗauke da sunanta sun riga sun yi wa mata sama da 60,000 magani.