Faifai, Garmaho da Kiɗan da Bai Sami Suna Ba

Yau in aka ce wani faifan bidiyo ya ɓulla, ba wanda zai tsaya neman wani abu mai da'ira da za a riƙe a hannu. Abin yana cikin waya, ba shi da baki ba shi da cibiya. Amma kalmar daga madafi ta fito, daga faifan da mata ke saƙawa da kaba su rufe ƙwarya ko su yi bakace. Tsakanin faifan bakace da faifan waya akwai zango guda, shi ne faifan garmaho, kuma a Kano wannan zangon a wajen ganuwa aka yada shi, a Fagge da Sabon Gari.

Garmaho dai aro ce, kuma bakin Bahaushe ya sarrafa ta yadda ya saba. Ba ya son baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai ya raba su da wasali. Harafin fa kuwa in ya zo gaban wasalin o yakan koma ha, abin da ya ba mu hoto da tarho ke nan. Akwatin aka bar wa sunan aro. Shi kuwa baƙin abin da ake ɗorawa a kai, sai aka duba cikin gida aka samo masa suna. Wanda ya fara cewa faifai ya iya kallo. Mai saƙa tana farawa daga cibiya, tana naɗe layi ɗaya har ta kai baki. Faifan garmaho ma layi ɗaya ne tak a kowace fuska, a naɗe, sai dai allura daga baki take tashi ta gangara cibiya.

Sauran kalmomin duk na hannu ne. Ana yi wa garmaho wani kamar agogo, a murɗa hannunsa har ya yi tauri. A kwance 'yar ƙusa a sa sabuwar allura, don ta ƙarfe ce, ba ta jimawa take dakushewa ta ci faifai. In wanin ya kusa ƙarewa sai muryar mawaƙi ta yi nauyi, ta ja, yara su kwashe da dariya, mai akwati ya yi wuf ya ƙara wani. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti galibi ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗoriya a fuska ɗaya, ga shi da saurin fashewa. Daga baya aka sami na roba, ƙarami mai juyi 45 da babba mai juyi 33, wanda ba ya saurin fashewa amma rana tana lanƙwasa shi. A garin da ake zafin bazara irin na Kano, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Me ya sa Sabon Gari? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka unguwar don ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, mutanen kudu da na Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana a yau. Abin da birni bai yarda da shi ba, nan ya sami masauki: otal, gidan rawa, da silima irin Rex da aka buɗe a 1937. Fagge, tsohon masaukin ayarin Azbinawa, ita ce a tsakanin birni da Sabon Gari. Mutanenta Hausawa ne Musulmi, amma ƙofarsu a buɗe take ga baƙo da abin da ya zo da shi. Kamfanin faifai na Tabansi, wanda daga baya ya yi ƙarfi a Onitsha, a Kano ya fara a wajajen shekarun 1950.

To, kiɗan da ake yi a waɗannan otal-otal, mai ƙaho da jita da ganga ta Bature, wanda ake sassauta shi in dare ya raba don masu zaman tebur su ji maganar juna, mene ne sunansa da Hausa? Ka tambayi dattijon Fagge da ya yi samartaka a shekarun 1960, zai ce maka, "Yaro, ai kiɗan otal ne." Wani ya ce kiɗan Turawa, ko da kuwa Ibo ne ko Bayarabe ke busawa. Wani ya haɗa shi da badujala saboda ƙahonin. Duk cikinsu ba sunan kiɗan ba ne, sunan wurin ne ko na wanda ake zaton ya kawo shi. A wasu ƙasashen kalmar jaz ta zauna daram, ta zama sunan duk ƙungiya mai kayan busa na zamani, kamar OK Jazz ta Kwango da Bembeya Jazz ta Gini. A nan ba ta kama ƙasa ba. Bahaushe yana da suna ga kiɗan noma, da na mahauta, da na 'yan dambe, da na fada, saboda kowanne yana da ubangida da ke amsa shi a bainar jama'a. Kiɗan otal kuwa masu sauraronsa da yawa ba sa son a san sun je. A ganina wannan ne ya hana shi suna, kuma rashin sunan ya taimaka wajen ɓatan fayafayansa. Magada sukan adana abin da za su iya faɗin sunansa a gaban mutane.

Sai ga shi daga waje ake zuwa nema. Ƙungiyar Super Elcados, wadda Kano ce cibiyarta a lokacin, ta fitar da faifai a kamfanin EMI a 1976, kiɗan rawa mai zafi irin na lokacin. Kamfanin Mr Bongo na Ingila ya sake buga shi bayan shekaru fiye da arba'in. Haka kamfanin BBE na Landan ya shiga sake fitar da tsofaffin fayafayan Tabansi tun 2019. Masu tara irin wannan kaya a Turai da Japan, gwargwadon ɓoyuwar mai waƙa gwargwadon darajar faifansa a wurinsu. Mu kuwa mawaƙin da ba a sani ba, cewa muke bai karɓu ba.

Akwai kuma mutum guda mai tsara waƙarsa, ya kaɗa abinsa, ya rera shi kaɗai. Turawa sun ware masa suna. Hausa ba ta ga dalili ba, don a waƙar baka kusan kowane mawaƙi shi ke ƙaga abin da yake rerawa. Abin da muke rarrabewa daban ne: makaɗi ne ko marubucin waƙa, yana da 'yan amshi ko ba shi da su, da me yake kiɗa. Shi ya sa kayan kiɗa ke manne wa suna, a ce Garba Supa mai kukuma, Haruna Uji mai gurmi, Abdu Yaron Goge. Wanda ya fi dacewa da wancan sunan na Turawa shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi ko ɗaya, yana waƙar karen mota da zaman aure da halin ɗan Adam. Irin wannan murya faifai ya fi yi wa adalci, domin ba taron kalangai da zai cika wa allura kunne, kuma gajartar fuska tana hana jan zance da jerin gaishe-gaishen masu kari.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kori garmaho daga ɗakunan Fagge, don ya fi araha, yana jure ƙura, kuma kowa na iya naɗar nasa. Kalmar naɗa ta dace da shi, tunda zare ne ke naɗuwa, har yau kuma naɗar murya muke cewa ko da waya aka ɗauka. Shi dai kaset bai karɓi sunan faifai ba, saboda kusurwa huɗu gare shi. Sai da CD ya zo da da'irarsa sunan ya farfaɗo, daga nan ya tsallaka zuwa bidiyon da ake turawa a WhatsApp.