Asalin Kalma: Burodi

Burodin da masu shayi ke yankawa a Jega, Aliero da Maiyama sunansa aro ne daga kalmar Ingilishi "bread". Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma galibin kalmominta da wasali suke ƙarewa, shi ya sa aka cusa wasali tsakanin "b" da "r", aka ɗora "i" a ƙarshe. Haka aka samu buroshi, haka kuma Yarbawa suka samu "buredi".

Wani zai ce wasalin "o" ya fi kama da "Brot" na Jamusanci. Sai dai Turawan Ingila ne suka ci Sakkwato a 1903, harshensu ne ya shiga makaranta da kanti, kuma har yau akwai masu cewa biredi. Wani kuma zai ce ai Bahaushe ya san alkama tun kafin zuwan Turawa. Gaskiya ne, amma gurasa yake yi da ita, sunan da ya aro daga Larabci.  Saboda haka burodi daga Ingilishi yake, gurasa kuwa daga Larabci.