Daga Kano zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da ta Koma ta Sa'o'i

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 ta sama. Jirgi yakan cinye su cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar. Maniyyaci ya yi sallar asuba a filin jirgin Malam Aminu Kano, la'asar ta same shi a ƙasa mai tsarki, duk da agogon Saudiyya ya riga namu da sa'a biyu.

A zamanin kakanninmu kuwa, mai niyyar Makka sai ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi dangi gida-gida neman gafara, don ba kowa ke dawowa ba. Hanyar gabas ake bi: Barno, a haye zuwa Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, sai Abeshe, sai Darfur, a ƙasa ko bisa jaki. Wanda ya kai El Obeid ya samu sauƙi, domin jirgin ƙasa ya iso garin tun wajen 1912. Daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa. Guzuri ba ya kai mutum, saboda haka a kowane zango sai a tsaya neman na gaba: wani ya yi ɗinki, wani wanzanci, wani ya tsinci auduga a gonakin Jazira. A gidanmu ana ba da labarin ƙanen kakana, wanda ya tafi yana saurayi ya dawo da mata da 'ya'ya masu jin Larabci.

Da yawa ba su ƙarasa ba, ba su kuma juyo ba. Misali, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Masu hali suna da wata hanya: Sarkin Katsina Dikko ya tafi a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila.

Jiragen sama na farko sun sauka Kano a 1925, na sojan Ingila ne daga Masar. Amma talaka sai da ya jira. A 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci, wadda unguwar Wapa a Fagge ta gaji sunanta. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, kafin jirgin sama ya karɓe aikin gaba ɗaya.

Ba na kewar ƙishirwa da 'yan fashin waccan hanya. Abin da ke damuna shi ne alhajin yau yana wucewa ta sama yana gyangyaɗi, bai san 'yan'uwansa ne a ƙasa ba. Wanda ke da tsoho a gida da ya san labarin hanyar gabas, ya zauna ya rubuta shi tun yana raye.