YARAN MIDIL DA 'YAN MATAN DA AKA BARI A GIDA

'Yar uwa mai karatu, idan kika ji tsofaffi suna cewa "ai wane ɗan Midil ne," to ba ƙaramin yabo suka yi masa ba. Midil makaranta ce ta gwamnati wadda yaro ke shiga bayan ya gama elemantare, a zamanin Turawa, kuma kusan kowane lardi na Arewa guda ɗaya tak gare shi. Ta Kano an buɗe ta a 1927, ita ce yau ake kira Kwalejin Rumfa. Akwai ta Katsina, da ta Sakkwato, da ta Bauci, da ta Zariya da sauransu. A shekaru, yaran Midil su ne kamar 'ya'yanmu na ƙaramar sakandare a yanzu, wato lokacin da yaro bai gama zama mutum ba amma an fara gane abin da zai zama.

To yadda abin yake, a elemantare da Hausa ake karatu, sai an zo Midil ake shiga Turanci gadan-gadan. Makarantar kwana ce, En'e ke ciyar da yara ta yi musu sutura. Da yake gurbin kaɗan ne, sai an tace an sake tacewa kafin yaro ya samu shiga, in ka ɗebe 'ya'yan sarakuna da hakimai da akan tura ko suna so ko ba sa so. Daga nan kuma a sake tsamo zakaru a kai su Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Kin ga ke nan tun kafin a zo ana maganar makarantar masu hazaƙa, Turawa sun riga sun kafa tsanin hawa. Ba don Allah suka yi ba kam, akawu da malamai suke nema masu yi musu aiki, amma dai tsanin ya hau da mutane.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan, a matsayina na mai ɗan taɓa rubutu, shi ne malaman. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Su wa suka amsa kira? Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana da shekara 22 kacal, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Ashe ke nan wannan sana'a tamu ta rubutun ƙagaggun labarai, da wasu ke yi wa kallon aikin marasa aikin yi, a hannun malaman Midil ta fara tsayawa da ƙafafunta. Ki ƙiyasta yaron da malamin ajinsu shi ne mai Ruwan Bagaja. Ai ko bai so ba sai kunnensa ya saba da daɗin zance.

Kuma ba a cikin aji kaɗai ake gina yaran ba. Da yake kwana suke yi a makaranta, yamma da dare duk nasu ne da malamansu, akwai wasanni, akwai sikawut, akwai muhawara da wasan kwaikwayo. Malam Aminu Kano ya yi Midil ta Kano kafin ya wuce Kwalejin Kaduna, kuma tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo yana zolayar zalunci da son zuciya a cikinsu. Da ya zama malami a Midil ta Bauci a shekarun 1940 bai bar abin ba, ya ci gaba da sa ɗalibai suna wasa. A garin na Bauci ne shi da Malam Sa'adu Zungur da Tafawa Ɓalewa suka riƙa zama a wani dandalin tattaunawa na ma'aikata da malamai, har Turawa na halarta, sai da tambayoyi suka fara taɓa mulkin En'e sannan hukuma ta ga abin ya ishe ta aka rufe shi. A Sakkwato ma haka, Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil daga 1931 zuwa 1934, Shehu Shagari kuma ya yi karatu a cikinta ya dawo ya koyar da kimiyya, ga shi mawaƙi. Mutanen da suka tsaya gaban Turawa suka yi magana ba tare da muryarsu ta yi rawa ba, a irin waɗannan wurare suka koyi miƙewa tsaye gaban jama'a.

To ina mu mata a duk wannan? Muna gida. Midil ta maza ce zalla. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, su ma yawanci 'ya'yan fada da na bayin sarki aka tara, abin da aka fi ba ƙarfi kuwa shi ne tsafta da ɗinki da saƙa da renon yara, da ɗan karatu da rubutu. Ba na raina ɗinki, wallahi ya rufa wa mata da yawa asiri. Amma a ce ƙasar da ta haifi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci ta kuma tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da mata, a ce a nan ne aka yanke cewa iyakar basirar 'ya mace allura da zare, ai abin da ciwo. Sakandaren gwamnati ta 'yan mata ba a same ta a Arewa ba sai 1956, a Ilori. A lokacin yaran Midil na farko har sun zama ministoci.

Duk da haka waɗanda suka samu 'yar ƙofa sun nuna abin da ke cikinsu. Hajiya Hafsat Abdulwaheed a makarantar 'yan mata ta lardi ta yi karatu a Kano, wadda ake kira Shekara, tun tana yarinya take rubuce-rubuce, kuma littafinta So Aljannar Duniya ya zo na biyu a gasar kamfanin NNPC na Zariya, aka buga shi a 1980. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa cire ta aka yi daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, sai daga baya ta nemi ilimin da kanta, ta zo ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Su biyu ke nan da muka sani saboda sun kai ga takarda. Sauran da suka ƙare a bakin murhu da labarai cike da ciki, babu mai lissafinsu.

Cikin shekarun 1950 aka fara mayar da Midil-Midil sakandaren lardi, sunan ya ɓace. A 1976 aka kawo ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya, a farkon shekarun 1980 kuma aka shigo da tsarin 6-3-3-4 wanda ya haifar da ƙaramar sakandare. A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai, an ce cikin shekara ukun nan yaro zai taɓa zane, da aikin katako da na ƙarfe, da girki da ɗinki, don a gane inda ya fi ƙarfi. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wuta ba malamin da ya iya su.

Ta fuskar masu hazaƙa, Jihar Kano ta yi abin a zo a gani. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana tsamo yara da jarrabawa, a 1981 aka yi ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jigawa. Gwamnatin tarayya ita ma ta yi tata ta masu hazaƙa a Suleja zamanin Janar Babangida. Likitoci da injiniyoyi da yawa sun fito daga makarantun nan, har da mata, wannan babu musu. Sai dai an wayi gari hazaƙa ta zama lissafi da kimiyya kurum. Yarinyar da baiwarta ke bakinta, ko a alƙalaminta, ko a zanen da take yi a bayan littafi, sai a ce ba ta ja, a tura ta ajin da ake ganin na ragowa ne. Da da wannan ma'auni aka auna malaman 1933, ban san ko za mu samu Ruwan Bagaja ba.

A makarantar da na yi, kulob ɗin Hausa da na muhawara da kacici-kacici su suka riƙe da yawanmu. Akwai wata ƙawata da ko gaisuwa ba ta iya ɗaga kai ta yi, aka ba ta fitowar uwar miji a wani wasa, ranar har shugabar makaranta sai da ta yi hawaye don dariya. Tun daga nan bakinta ya buɗe. Ba ta gama aji uku ba aka ɗaura mata aure, kuma ba wanda ya tambayi malamar da ta gano ta ko me ta gani.

Shekarun ƙaramar sakandare, daga 12 zuwa 15, su ne dai shekarun da ake ɗora wa 'ya mace farantin talla ko a fara yi mata tanadin kayan ɗaki. Wadda ta tsira ta zauna a aji kuma, sau da yawa makarantar jeka-ka-dawo ce mai cunkoso, wasu ma kashi biyu ake yi, 'yan safe da 'yan rana. Yammar nan da yaran Midil suke wasan kwaikwayo da muhawara a cikinta babu ita, domin kafin 'yan safe su gama tattara jakunkunansu 'yan rana sun tsaya a bakin ƙofa suna jiran benci.