Zango na gaba: tarihin ƙa'idar da ke kai saƙonka daga Funtua zuwa duniya

Idan ka tura hoton buhunan masara daga kasuwar Dandume zuwa ga mai saye a Legas, ko mai POS a Malumfashi ya cire maka kuɗi, saƙon yana ratsa na'urori masu yawa da ake kira rauta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke raka shi har ƙarshe. Aikin kowace shi ne ta duba adireshin da ke jikinsa, ta miƙa shi ga ta gaba. Fatake suna da kalmar da ta dace da wannan, wato zango. Rauta tana iya jin labarin hanya mai nisa, amma abin da take aiki da shi shi ne zango na gaba. Tarihin da za mu bi a yau na tambaya ɗaya ce: yaya rauta ke tabbatar da cewa za ta iya isa wannan zangon?

Yadda aka fara

Intanet tarin gidaje ne masu cin gashin kansu. MTN gida ne, Airtel gida ne, Google ma gida ne, kowanne da lambarsa. A shekarun 1980 waɗannan gidaje suna musayar labarin hanya da wata ƙa'ida mai suna EGP, wadda aka gina bisa zaton cewa akwai babbar cibiya guda da kowa ke rataye a jikinta. Da gidaje suka yawaita, suka fara haɗuwa ta ƙofofi daban-daban, sai ta gaza.

A watan Janairun 1989, a wani taron injiniyoyin intanet a birnin Austin na Amurka, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na IBM suka zana mafita a kan takardun goge baki na wurin cin abinci. A watan Yunin shekarar aka wallafa ta da sunan BGP, wato ƙa'idar ƙofofin kan iyaka. Dabarar ba ta da wuya: kowane gida zai sanar da maƙwabcinsa cewa "ina da hanyar zuwa adireshi kaza, ga jerin gidajen da ake ratsawa." Gidan da ya ga lambarsa a cikin jerin sai ya ƙi karɓa, don kada saƙo ya yi ta zagaye. A fasali na biyu, na 1990, aka jera bayanan da ke tafiya tare da kowace sanarwa, cikinsu har da adireshin zango na gaba. Fasali na huɗu ya fito a 1994, aka sake tace shi a 2006, kuma shi duniya ke amfani da shi har yau.

Labarin hanya daban, isa zango daban

To, ga inda abin yake. Ka ɗauka wani kamfani yana da rauta a Legas da wata a Kano. Ta Legas ta ji sanarwa daga maƙwabcin gida, sai ta isar wa ta Kano. A bisa ƙa'ida, idan ana isar da labari a cikin gida ɗaya, ba a canza adireshin zango na gaba. Kenan ta Kano za ta ga an ce mata ta kai kaya ga wata rautar waje, wadda ba ta taɓa hulɗa da ita ba.

Kamar dillalinka ne na Funtua ya kira ka kana Malumfashi ya ce, "Akwai motar Legas, kai kayan wurin wane a Zariya." Labarin gaskiya ne, motar tana nan. Amma in ba ka san rumfar wane ba, labarin bai amfane ka da komai ba.

Saboda haka takardar 2006 ta faɗa ƙarara cewa kafin rauta ta gwada wace hanya ce ta fi, sai ta fara duba taswirarta ta cikin gida ko akwai hanyar isa zangon. In babu, a cire wannan sanarwa daga cikin waɗanda za a zaɓa. Shi ya sa sabon injiniya kan ga hanya a rubuce a allon rauta, amma saƙo ya ƙi tafiya. Magani biyu ne: ko a sa adireshin bakin iyakar a taswirar cikin gida, ko rautar Legas ta rubuta kanta a matsayin zango. Wato dillalin ya ce, "Kawo mini nan Funtua, ni zan kai."

Sauri da 'yan tsakiya

Matsala ta biyu ita ce lokaci. Rautoci maƙwabta suna gaisawa a kai a kai, kuma ƙa'idar ta ba da shawarar a jira daƙiƙa 90 ba a ji ɗuriyar maƙwabci ba kafin a ce ya mutu. A wannan tsakanin duk saƙon da aka tura masa ya ɓata. A 2010 aka daidaita wata ƙaramar ƙa'ida mai suna BFD, wadda kan gano yankewar layi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Ta uku ta taso ne a mahaɗun intanet, irin IXPN ta Najeriya, wadda ke da rassa a Legas da Abuja da Kano. A irin wannan wuri gidaje da yawa kan kai sanarwarsu ga na'ura ɗaya mai shela, ita kuma ta rarraba wa kowa ba tare da ta taɓa adireshin zangon ba, domin kaya su tafi kai tsaye tsakanin gidajen. Hakan yana rage wahala, sai dai yana da tarko: kana iya jin mai shela sarai, alhali layin da ke tsakaninka da wanda aka ce ka kai wa kaya ya lalace.

Abin da binciken ba ya gani

Ko da zangon yana raye, rauta ba ta ganin abin da ke bayansa. Sauran hanyar amana ce kawai. Misali mafi kusa da mu ya faru ranar 12 ga Nuwamban 2018. Kamfanin MainOne na Legas, cikin kuskuren saiti da shi kansa ya amince da shi, ya saki sanarwar adiresoshin Google ga China Telecom, daga nan ta bazu har Rasha. Manyan kamfanoni suka karɓa, domin zangonsu na gaba yana nan lafiya lau. Saƙonnin da ke neman Google suka bi ta Rasha zuwa Sin, inda suka maƙale. An ɗauki minti 74 kafin a gyara.

Tsarin RPKI, wanda aka wallafa a 2012, yana tantance ko gidan da ya fara sanar da adireshi shi ne mai shi. Amma a wannan lamari mai adireshin Google ne da gaske, hanyar ce ta karkata. Sai a 2022 aka fitar da ƙa'idar da ke sa maƙwabta su bayyana matsayinsu, wane ne mai saye, wane ne mai sayarwa, wane ne tsara, don a kama irin wannan yoyon.

Ina ruwan Funtua?

Kada mu haɗa abubuwa biyu. Lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a Satumban 2021, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, turakun sabis aka kashe. Zangon farko ne aka cire, kuma babu dabarar BGP da za ta maye gurbinsa.

Na ranar 14 ga Maris 2024 kuwa daban ne. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Wayarka tana nuna sabis a cike, amma bankuna da intanet suka yi ta tangarɗa. Rautocin kan iyaka sun rasa zangonsu, suka koma neman wata hanya, kuma wanda yake da ita da isasshen faɗi shi ya fara farfaɗowa.

Manyan wayoyin teku na ƙasar nan a kudu suke sauka, galibi a Legas, don haka saƙon ɗan Arewa yana da doguwar tafiya a ƙasa kafin ya ga teku. Idan kana kula da intanet na makaranta, asibiti ko ƙaramin kamfani a wannan yanki, kuma an sayar maka da layi biyu don kariya, ka tambayi masu su: ina zangon kowanne yake, kuma ta wane rami wayarsa ta bi? In duka biyun a gefen titin Funtua zuwa Zariya aka binne su, katafila ɗaya mai gyaran hanya ta isa ta yanke su tare. A allon rauta za ka ga hanya biyu, amma a ƙasa ɗaya ce.