Matsayin Mayaƙan Sa-kai a Tarihin Jalingo da Tsarin Mulkin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin rawar da mayaƙan sa-kai kan taka wajen kare ƙasa, ta hanyar duba tarihin Jalingo da kuma tanadin tsarin mulki.

2.0 Zamanin Masarautar Muri

Asalin Jalingo sansanin yaƙi ne, wanda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a shekarar 1893, bayan ya ci garin Kona da taimakon igwogin Bafaranshen nan Mizon. A wancan zamani, in ban da barade da bayin sarki, akasarin dakarun masarautun Daular Sakkwato manoma ne da makiyaya. Akan tara su da rani, su koma gona da faɗuwar damina. Sai dai ba mai fita yaƙi bisa ra'ayin kansa. Sarki ke yin shela, shi ke naɗa mai jan runduna, kuma ƙarƙashin tutarsa ake fita.

3.0 Zamanin Tsarin Mulki

Buƙatar irin waɗannan mayaƙa ta sake tasowa a 2013, lokacin da 'yan Ƙato-da-gora suka tunkari Boko Haram a Maiduguri. A 2014 kuma mafarauta sun taimaka wajen ƙwato Mubi. Ranar 24 ga Maris, 2018, a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, Janar T. Y. Danjuma ya zargi sojoji da haɗa baki da mahara, ya kuma kira jama'a su kare kansu. Rundunar soja ta musanta zargin.

Tsarin mulkin 1999 bai rufe ƙofa ba. Sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin kare Nijeriya, na 220 ya ba da damar yin dokar horar da 'yan ƙasa aikin soja. Amma na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda, na 227 ya haramta wa ƙungiyoyi tanadar mayaƙa don manufar siyasa.

4.0 Kammalawa

Rikicin Tibi da Jukun a yankin Wukari, a 1991 da 2001, ya nuna yadda makamin da aka ɗauka don kare gida kan juya kan maƙwabci. Saboda haka, wajibi ne a yi dokar da za ta fayyace mai ba mayaƙan sa-kai izini, da mai biyansu, da kotun da za ta hukunta wanda ya wuce gona da iri a cikinsu.