HASUMIYAR TUNAWA A BAKIN KOGIN HAƊEJA

Tarihin ƙasarmu daɗaɗɗe ne. Garun Gabas, wato Biram ta dā, tana cikin Hausa Bakwai. A 1808 Sambo ya zama Sarkin Haɗeja. A zamanin ɗansa Buhari, Haɗeja ta bijire wa Sakkwato. A 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya faɗi a fagen daga tare da jarumansa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Kogin nan kuwa shi ya ciyar da kakanninmu da kifi da shinkafa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan fadama ya sake hali, kachala ta toshe hanyoyinsa. Dattawan da suka san kogin dā suna ƙarewa.

Saboda haka muna roƙon Masarauta da Gwamnatin Jigawa a gina hasumiya a bakin kogi, a rubuta wannan tarihi a jikinta, har da na masunta, manoma da makiyaya. 'Ya'yanmu za su karanta, baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye a Baturiya su yada zango, 'yan kasuwarmu su samu ciniki.

Allah ya taimake mu, amin.